Ba Kowace Faɗuwa Ce Kaye Ba



Ya kai mai karatu, ka san hauya tana cinyewa. In an daɗe ana noma da ita, bakinta ya dakushe, sai ta riƙa shafar haki tana wucewa. Mai gona ya yi ta zufa, gona kuwa tana nan da ciyawarta. Magana ma haka take. Akwai maganganun da anka yi ta faɗi har sunka dakushe. Baki yana furta su, kai bai san an yi ba. Da yawa cikinsu daga filin kokowa da filin ƙwallo munka kwaso su. Ga kaɗan daga ciki: "An lallasa su." "Zaki ya fito." "Asiri anka yi mishi." "Alƙali ya ci kuɗi." "Ya faɗi kamar mace." "Ya sha kaye."

Ka ji su a rediyo. Ka ji su a kasuwa da bakin rijiya. Yanzu har a cikin ajin karatu da wurin taron gari ana jin su. Ni dai ina ganin suna cutarmu, kuma lokaci ya yi da za mu auna su kafin mu sake faɗa. Ka karanta a hankali. In ka gama, ka karanta wa wanda bai iya ba tukuna, ku tattauna.

Kokowa tamu ce

Kada wani ya ce malamin yaƙi da jahilci ya tashi yaƙi da kokowa. Kokowa gadonmu ce. Tun kaka da kakanni, da an gama girbi an kai damma rumbu, samarin wannan gari sukan tafi wancan gari. A share fili, a kaɗa ganga, a gwada ƙarfi, a rabu lafiya. Kuma a nan Tawa anka fara gasar kokowa ta ƙasa baki ɗaya, a shekarar 1975, zamanin Shugaba Seyni Kunce. Yakuba Kantu na Maraɗi ne ya zama sarkin kokowa na farko. Bayanshi anka ji sunan Salma Ɗan Rani na Doso da Kadade namu na Tawa.

Gasar takobi tana haɗa jihohi 8: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai. Kowace jiha tana kawo ƴan kokowa 10. Ka lissafa da kanka: 8 sau 10, ya zama 80. A kwanakin da ake yinta, makiyayi a daji yana rataye da rediyo, tsofaffi suna kewaye da wata a gindin icce, yara suna leƙen salula. Ƴan'uwanmu da ke bida a Abijan da Libiya da Najeriya su ma kunnensu yana gida. Abu kaɗan ne ke tara ƴan Nijar wuri ɗaya kamar haka.

To, saboda kowa yana saurare, maganar da anka faɗi a filin kokowa tana saurin shiga baki. Mai kyau ta shiga, mara kyau ta shiga. Da marasa kyan nike faɗa.

"An lallasa su"

Mu fara da ƙarin gishiri. A bakin wasu masu ba da labarin wasa, babu ƙungiyar da ke cin wasa haka kawai. Sai dai ta lallasa, ko ta ragargaza, ko ta caskara. An ci ɗaya da nema, lallasawa ce. An ci biyar da nema, lallasawa ce. To yaya mai saurare zai bambanta? Mudun da ke auna tiya ɗaya da tiya biyar ya ce duk daidai suke, wa zai yarda a auna mishi hatsi da shi?

Ga misali. A watan Oktoba na 2010, Mena, ƙungiyar ƙwallon Nijar, ta ci Masar 1 da 0 a Yamai. Musa Ma'azu ne ya jefa ƙwallon. A lokacin Masar ce ke riƙe da Kofin Afirka, kuma ta ɗauke shi sau 7. In ka ce wa ɗanka "mun lallasa Masar", ba ka gaya mishi kome ba. Amma in ka ce mishi ƙwallo ɗaya tak anka jefa wa masu kofi 7, anka tsare gida har anka tashi, ya ji girman abin.

Da Mena ta je Kofin Afirka karo na farko, a 2012, ta yi wasa uku ba ta ci ko ɗaya ba. Gabon ta ci ta 2 da 0, Tunisiya 2 da 1, Maroko 1 da 0. Mai dakusasshen baki zai ce "an lallasa mu sau uku" ya tashi. Amma a wasan Tunisiya ana 1 da 1 har dab da tashi, sannan anka jefa mana na biyu. Mai neman gyara zai tambaya: mi ya faru a mintocin ƙarshe? Gajiya ce, ko hankali ne ya rabu? Kalmar "lallasa" tana rufe wannan tambaya ruf.

Haka ƴan kokowa. Kowane ya zama zaki, ko giwa, ko dutse, ko bangon ƙarfe. In su 80 duka zakuna ne, kalmar zaki ba ta da sauran amfani. Ban hana makaɗi kirari ba. Sana'arshi ce, don ita ake mishi kari, kuma kowa ya san kirari ba shaida ba ne. Ɗan Anace ya wasa Shago ɗan dambe har sunanshi ya wuce Sakkwato da Zamfara, ba wanda ya ce ya yi laifi. Amma mai ba da labari aikinshi daban. Saurayin da ke saurare a Takanamat yana so ya ji wace ƙafa anka kama, daga wane gefe anka shiga, minti nawa anka yi, wa ya fara gajiya. Da wannan zai koyi kokowa. In ba a ba shi kome ba sai "zaki ya yi ruri", ya tashi hannu wofi.

"Asiri anka yi mishi"

Ta biyu ita ce maganar neman mafaka. Da namu ya faɗi, kafin ya karkaɗe ƙasa, an riga an samo dalili: an yi mishi asiri, an ɗaure mishi ƙafa, an binne wani abu a fili. In ba a ce haka ba, a ce alƙali ya ci kuɗi. Da wuya ka ji an ce: "Wancan ya fi shi shiri bana."

Ka duba da idonka. Ƴan kokowa suna shigowa fili da layu da guraye da goran rubutu, kowa da nashi. Wanda ya yi kaye yana da su, wanda anka kayar yana da su. A cikin 80 mutum ɗaya ke tafiya da takobi. Ashe akwai wani abin da ke raba su.

Kadri Abdu, wanda anka fi sani da Isaka Isaka na Doso, ya ɗauki takobi na 6 a Agadas a watan Disamba na 2023. Ba a jere ya ɗauke su ba. Akwai shekarun da wasu sunka ɗauka, shi ya koma gida babu. Ya sake shiri ya dawo. Wanda ya tsaya kan "asiri ne" ba zai taɓa tambayar yadda ɗan kokowa ke motsa jiki ba, da abin da yake ci, da yadda yake hutawa, da yadda yake nazarin abokin karawarshi, da haƙurin da yake yi har dama ta samu. Waɗannan kuwa su ne abin da saurayinmu zai iya koya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Alƙali mutum ne, yana iya kuskure. In ya yi, a faɗi wane kuskure ne, a wace karawa, wa ya gani. Amma a ce ya ci kuɗi ba da shaida ba, wannan ƙazafi ne, ko a filin wasa anka yi shi. Kuma yaron da ya tashi yana ji kullum cewa namu ba ya faɗuwa sai da zalunci, ranar da ya girma ba zai yarda da hukuncin kowa ba.

Akwai kuma "ba rabo". Gaskiya ne, kome na Allah ne, kuma wani ba ya cin rabon wani. Sai dai wannan magana ta wanda ya yi iyakar ƙoƙarinshi ce. Ba ta dace da bakin wanda ya kwana yana shan shayi ba. Hausawa sun ce Allah ya ce tashi in taimake ka.

Ka ga yadda wannan hali ya bi mu har gona. Hatsi bai yi ba, sai mu ce "damina ta kada mu", kamar damina ɗan kokowa ce da ta fi ƙarfinmu, mu kuma ba abin da ya rage sai mu karkaɗe riga. Ruwa kam yana ƙaranci a Adar, ba mai musu. Munka ga 1973, munka ga 1984, munka ga 2005. Amma a ƙasar Keita an fara babban aikin raya ƙasa a 1984, anka jera duwatsu, anka shuka itatuwa, anka tare ruwan da ke gudu. Manoman Ilela da Badagishiri sunka riƙa haƙa tassa a kan fako, su zuba taki a ramin, ruwan sama ya taru ciki, hatsi ya fito a wurin da anka daɗe da fid da rai. Su ba su ce an kada su ba. Tambaya sunka yi: ina ruwan ke tafiya, yaya za mu tsai da shi?

"Ya faɗi kamar mace"

Wannan ko kunyar faɗinta ba mu ji. Namiji ya faɗi a fili, sai a zagi mata. Mi sunka yi? Ya kai mai karatu, gobe da asuba ka je bakin rijiya ka ga masu jan wasaki. Ka ɗauki taɓarya ka daka tiya biyu ta hatsi, ka ji yadda kafaɗarka za ta yi. In maza sun tafi bida wata shida ko shekara, wa ke riƙe da gida da yara da bisashe? A wurin aikin jera duwatsu na Keita, mata ne sunka fi yawa. Ɗan kokowar da kake kira zaki ma mace ta haife shi, furar da ta dama ya sha ya yi ƙarfi.

Yarinya tana zaune tana jin babanta yana faɗin haka. Mi ka koya mata? Ka koya mata cewa sunanta zagi ne. Gobe in an ce ta tashi ta karanta a gaban jama'a, sai ta sunkuyar da kai. Ku bar wannan magana. Ba ta ƙara wa kokowa daɗi ko kaɗan.

"Ya sha kaye"

Yanzu mun zo ga wadda ta fi yi mana ɓarna. A gasar takobi, dokar a fili take: wanda anka kayar sau ɗaya, ya fita daga neman takobin wannan shekara. Waɗanda ba su faɗi ba su ke ci gaba, har a rage biyu, har a rage ɗaya. Wannan doka ta yi daidai da kokowa, don takobi ɗaya ne, ba ya rabuwa.

Amma mun ɗauko dokar mun kawo ta inda ba wurinta ba. Na sha gani a aji. Dattijo mai shekara hamsin ya yi ta maza ya zo koyon karatu. An ba shi alli ya je gaban allo. Ya rubuta "b" a wurin "ɓ", ko ya juya 6 ta koma 9. Sai wani daga baya ya ce: "Kaye!" Aji ya fashe da dariya. Dattijo ya yi murmushi ya zauna. Washegari tabarmarshi babu kowa. In ka je gida ka tambaye shi, sai ya ce: "Malam, ni na sha kaye, a bar wa yara." Kalma ɗaya ta raba shi da karatu. Shi ne kuma zai ci gaba da kai wasiƙarshi wani ya karanta mishi, ya ji sirrinshi. Shi ne zai dangwala yatsa a takardar bashi bai san adadin da anka rubuta ba.

Ku saurara da kyau. A filin kokowa, 80 ke shiga, 1 ya ɗauki takobi, 79 su koma babu. A aji kuwa, in 30 sunka shiga, duka 30 suna iya fita da karatu. Iyawar maƙwabcinka ba ta rage taka. Harafin da ya koya bai ƙare ba, naka yana nan yana jiranka. Kuskure a allo kuwa da tsumma ake share shi. Ba wanda ya taɓa iya rubutu bai ɓata ba, har malamin da ke koya muku, har wanda ya koya wa malamin.

Ko a cikin wasannin ma, ba kowace faɗuwa ce ƙarshen mutum ba. A 2016, a birnin Riyo na ƙasar Barazil, Abdulrazak Isufu Alfaga ya kai wasan ƙarshe na tekwando a gasar Olimfik, wadda ke tara ƙasashen duniya. Bai ci wasan ƙarshen ba. In da bakin ƴan bayan aji ne, sai a ce ya sha kaye. Amma lambar azurfa ya kawo gida. Rabon Nijar da lamba a wannan gasa tun 1972, da Isaka Dabore ɗan dambe ya samo ta tagulla a Jamus. Shekara 44 ke nan. Alfaga bai zauna ba. A 2017 ya je Koriya ta Kudu ya zama zakaran duniya.

Ga wani kuma. A gasar Olimfik ta 2012 a Landan, wani ɗan Nijar, Hamadu Jibo Isaka, ya shiga tseren kwale-kwale. Watanni kaɗan ya yi yana koyon irin wannan tuƙi. Abokan tserenshi sun yi shekaru suna yi. Shi ya zo na ƙarshe, da tazara mai yawa. Bai aje filafili ba sai da ya kai. Ƴan kallo sunka yi ta mishi tafi. Ya kai dattijon da ya gudu daga aji, kai ma wata uku ka yi kana riƙon alli. Wa ya ce sai ka yi daidai da wanda ya yi lakkol shekara goma? Sannu ba ta hana zuwa.

Daga fili zuwa akwatin zaɓe

Ƴan siyasa ma sun ari bakin ƴan wasa. A zaɓen 2016, magoya bayan Shugaba Mahamadu Isufu sun yi ta faɗin wata kalmar ƴan dambe da Faransanci, mai nufin bugu ɗaya a kwantar da abokin karawa. Wato za a gama tun zagayen farko. Da anka ƙidaya ƙuri'un watan Fabrairu, ya samu kashi 48 da ɗoriya cikin 100, sai da anka je zagaye na biyu a watan Maris. A zaɓen Disamba na 2020 anka sake ɗauko kalmar. Mohamed Bazum ya samu kashi 39 da ɗoriya, anka sake zuwa zagaye na biyu a Fabrairu na 2021. Ba ɓangare ɗaya nike zargi ba. Masu adawa su ma da bakin kaye da kisa sunka riƙa magana. Mu talakawa kuma munka riƙa tafi kamar muna bakin fili.

Ina ruwanmu, in ji wani, wannan ta manya ce. To mu dawo gida. Za a zaɓi shugaban ƙungiyar manoma, ko mai riƙe kuɗin rijiya, ko mai kula da bankin hatsi. Mi kake ji? "Yau sai mun kada su." "Bakin unguwarsu ya mutu." Ba wanda ya tambayi wa ya iya lissafi, wa ke da amana, wa zai rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. An gama zaɓe, waɗanda sunka ci suna guɗa, waɗanda ba su ci ba sun yi fushi. Ranar biyan kuɗin gyaran famfo sai su ce: "Waɗanda sunka yi kaye su gyara." Famfo ya lalace, duka gari ya koma tafki.

Ka tuna da bambanci ɗaya. Ɗan kokowar Doso in ya kada na Tawa, kowa mota zai shiga ya koma jiharshi. Amma wanda ka ce ka kayar a taron gari, rijiyarku ɗaya, masallacinku ɗaya, wataƙila ɗiyarshi tana gidan ɗanka. Gobe in gobara ta tashi a rumbunka, shi za ka kira. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin mamaki, su ƴan kokowar sun fi mu ladabi. Sau nawa ka ga wanda ya yi kaye ya miƙa hannu ya tada ɗan'uwanshi, sun rungumi juna? Mun kwaso alfaharin fili, mun baro wannan a can.

"Haba malam, ai wasa ne"

Na san abin da wasu za su ce. "Haba malam, ai raha ce kawai. Magana ba ta kisa." Ni kuwa na ce magana zarar bunu ce. In raha ce, ka duba wanda anka yi wa: yana dariya har ciki, ko kuwa yaƙe yake yi? Rahar da ta kori mutum daga aji ta tashi daga raha.

Wasu za su ce: "Haka munka taras ana faɗi, gishirin Hausa ne." Gishiri kam yana gyara miya, amma ba a cin tuwo da gishiri zalla. Kakanninmu da sunka ƙago karin magana, kallon duniya sunka yi da idonsu, sannan sunka faɗi abin da sunka gani. Wanda ke maimaita "lallasa" sau goma a yini bai kalli kome ba, aron baki ya yi. In kana son ka gaji kakanni, ka duba da idonka ka faɗi naka.

Wasu kuma za su ce: "In an cire waɗannan kalmomi, labarin wasa zai yi lami." Ku gwada ku gani. Ku sami tsohon ɗan kokowa a garinku, ku ce ya ba ku labarin karawar da ba ya mantawa. Ba zai ce muku zaki ya yi ruri ba. Zai gaya muku yadda ya lura abokin karawarshi yana jingina kan ƙafar hagu, yadda ya yi kamar zai kama wuya, ya faki ido ya sunkuya. Za ku ga yara sun yi tsit. Labarin da ke da gaskiya a ciki ba ya lami.

Abin da za mu yi

Ya kai wanda ya koyi karatu da girmanshi, kai ne nike sa wa rai. Wanda ya sha wuya kafin ya haɗa harafi da harafi ya san tsadar kalma. Magana iska ke ɗauke ta, amma rubutu yana zama. In ka rubuta "an lallasa su", bayan shekara goma jikanka zai karanta bai san ko nawa anka ci ba. In ka rubuta rana da wuri da suna da adadi, ka bar mishi tarihi.

Saboda haka, duk lokacin da ka ji irin waɗannan maganganu, a rediyo ko a bakinka, ka yi tambaya uku. Ta farko: mi ya faru daidai? Ta biyu: nawa ne, kuma yaushe? Ta uku: don mi ya faru? In mai magana ya kasa amsa ko ɗaya, ka san da dakusasshiyar hauya yake noma.

A aji kuma mu yi doka tsakaninmu. Kalmar "kaye" ta tsaya a ƙofa tare da takalma. Wanda ya ɓata a allo, na kusa da shi ya tashi ya taimake shi, kamar yadda ɗan kokowa ke tada ɗan'uwanshi. In kun san wani da dariya ta kora, ku je ku biyu ko ku uku ku ba shi haƙuri, ku dawo da shi. A wurin taron gari, in an gama zaɓe, wanda ya samu ya tashi ya je ya gai da wanda bai samu ba, tun kafin a watse.

Ga kuma aiki. In kaka ta yi anka share fili a garinku, kowane aji ya rubuta labarin kokowa ɗaya. Layi goma sun isa. Ku sa sunan gari, da rana, da yawan waɗanda sunka kara, da yadda anka yi kayen da ya fi burge ku. Sharaɗi ɗaya ne: ba zaki, ba giwa, ba lallasawa, ba asiri, ba zagin mata. Da farko za ku ji alƙalami ya tsaya, don kalmomin da kunka saba jingina da su babu. Ku daure. A nan ne za ku fara tuna abin da idonku ya gani. Ku ba malaminku ya aiko, a buga, mutanen Afala da Barmu da Tabaram su karanta, su ma su aiko da nasu.

Allah shi ba mu damina mai albarka, shi ba ƴan kokowarmu sa'a, shi ƙara mana haƙuri da juna. Amin.